Matar da ke Tace Ruwa a Bangon Makarantarmu

Mahaifiyata ba ta son hoto. Ko a wurin biki, da ta hango mai hoto sai ta ja mayafi ta koma bayan mata, tana cewa ita ba ta ga abin kallo a fuskar da ta sha hayaƙin murhu ba. Hotonta ɗaya tak ne a duniya, na katin zaɓe, shi ma ta ɗaure fuska kamar an kai ta gaban alƙali. Wanda bai san ta ba sai ya ce masifaffiya ce, alhali kuwa Inna dariyarta ta fi maganarta yawa. Inda kawai ta fito yadda take shi ne bangon makarantar firamaren ƙauyenmu, can gaba da Kurfi, kuma ba da izininta aka sa ta ba.

Lokacin da nake firamare, ofishin ilimi yana da wani malami wanda aikinsa zane kawai. Ba shi da aji nasa na kansa. Yawo yake yi a kan wani tsohon babur, gwangwanayen fenti ɗaure a baya, wannan mako yana makarantar nan, wani mako yana waccan. Idan ya sauka a tamu, da safe ya koya mana zane, da rana ya taka benci ya shiga yi wa bango ado. Shi ya zana mana taswirar ƙasa, da kifi da sunayen sassan jikinsa, da karan masara tun daga saiwa har gemu. Mu dai Malam mai zane muke ce masa. Yana da tsarin da ba ya sauyawa ko za ka yi birgima a ƙasa. Ƙananan aji randa da ƙwarya, daga nan ganye da dabbobi, sannan hannun mutum. Fuska sai ajin ƙarshe. Yakan ce wanda bai iya randa ba, in ya taɓa fuska zagin mai ita zai yi.

Inna kuwa ɗanwake take sayarwa a gindin bedin da ke ƙofar makaranta idan an tashi tara. Wata shekara aka ce Malam ya zana darasin tsabta a bangon da ke kallon hanya, mace tana tace ruwan sha da ƙyalle saboda kurkunu. Bai ce da Inna ta zauna ba, bai ce ta tsaya ba. Yana aikinsa ne yana ɗan waiwaye. Ranar da ya janye benci sai ga Inna a bango, ta sunkuya a kan randa, ɗaurin ɗankwalinta ya karkata hagu yadda yake kullum, wushiryarta a waje, har da 'yar tsagar da ke kumatunta.

Kafin azahar gari ya ɗauka. Inna ta ajiye matsami ta tako har gaban bango, ta riƙe ƙugu.

"Malam, duk matan ƙasar nan ka rasa wadda za ka liƙa bisa bango sai ni? Mi na yi maka?"

Ya ce, "Inna, ni mace na zana. In ta yi kama da ke, laifin fenti ne."

Da ta kai ƙara gida, Babanmu cewa ya yi, "Ai adalci ya yi maki, ya rage maki shekaru." Liman ya ɗan yi gyaran murya a kan zanen mutum, amma da ya ga mata sun fara ɗaura ƙyalle a bakin randa sai ya bar maganar. Inna ta yi fushin 'yan kwanaki, daga baya ta aike ni wurin Malam da kwanon ɗanwake, mai ya ji, yaji ya ji. Har direbobi suka san wurin. Fasinja kan ce, "In ka zo wajen mai tace ruwa ka aje ni."

Aikin Malam bai mutu rana ɗaya ba. Fenti aka fara daina ba shi, wai daga sama an rage kuɗin da ake warewa irin waɗannan abubuwa. Ya koma haɗa shuni da jar ƙasa da gawayi, muna yi a bayan takardar siminti. Sai kuɗin man babur ya tsaya. Sai gasar da ake yi a Kurfi, inda makarantu ke kai zane da saƙa da waƙoƙin gaɗa, ita ma aka ce sai baɗi, baɗin da har yau bai zo ba. Daga ƙarshe aka ajiye Malam a makaranta ɗaya, ba tamu ba, aka miƙa masa ajin lissafi. Mu a lokacin mun gama darasin zanen hannu ke nan. Na shiga ajin ƙarshe ina ɗoki, ina zuba ido a hanya ko zan ji ƙarar babur, shiru. Darasin zane dai yana nan a rubuce a jadawali, amma idan lokacinsa ya yi tsintsiya ake raba mana. Abin ya yi mini ciwo a lokacin, kuma gaskiya har yanzu bai daina ba.

Na girma, na yi aure, na zama malamar makaranta a Dutsin-Ma. A nan nake Allah ya yi wa Inna rasuwa. Tun daga lokacin, duk zuwan da zan yi gida sai na ce a sauke ni a ƙofar makaranta, in tsaya in gan ta tukuna kafin in ƙarasa. Kowace damina tana cin rabonta. Kifin ya tafi, taswira ta zama tabo, kuma da yake ruwan indararo daidai kan fuskar Inna yake sauka, ita ta fi wankewa. Na ɗauka da waya ba sau ɗaya ba, amma abin da ke fitowa inuwa ce kawai. Ni da na san ta, idona ne ke cike sauran.

Bara ƙanena ya kira ni ya ce za a gyara makarantar, ɗan kwangila har ya sauke yashi, kuma za a shafe bangon duka da fenti kala ɗaya. Washegari na kama hanya. Na shiga ofishin hedimasta da zafina, shi kuwa ya bar ni na gama sannan ya nuna mini rufin ajin da ke kusa, inda ake hango sama.

Ya ce, "Malama, ni ma a gaban hoton nan na tashi. Amma yara bisa ruwa suke zama da damina. Abin da aka ba da shi ne kwanon rufi da yaɓe da fenti. Babu zane a ciki, kuma ko akwai, wa zai yi?"

Na so in yi faɗa, na rasa da wa. Mai gaskiya ko da a kan ciwonka ya taka, ba ka da ta cewa.

Na koma Dutsin-Ma na yi cigiyar Malam mai zane. Na same shi a shagon ɗansa, inda inji ke buga allunan talla da hotunan 'yan takara. Ya tsufa, ido ya yi rauni. Da na faɗa masa ko 'yar wace ce ni sai ya yi dariya ya ce, "Mai ɗanwake! Allah ya jiƙanta, ta iya faɗa, ta iya zuba mai." Na roƙe shi ya zo ya sabunta ta, ko a wani bango ne, ni zan sayi fenti. Sai ya ɗago hannunsa na dama ya nuna mini yadda yake rawa.

"Ɗiyata, da a da ne sai in ce maki ga wane, ɗalibina ne, je ki same shi. To ban kai kowa ƙarshe ba. Masu hannu a cikinku duk a hanya na baro ku."

Shi ya ba ni shawarar in sami farin yadi mai shara-shara, in shimfiɗa a bangon in bi layin da gawayi kafin a shafe. Haka na yi. Ranar da na je masu yaɓe suna can ɗaya ɓangaren, ƙanena ya kafa mini yadin da ƙusa ya koma gona. Randa ba ta ba ni wuya ba, hannuna ya tuna ta. Na bi ƙyallen, na bi ɗankwali da karkatarsa, na bi yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Da na zo fuska sai na tarar babu layin da zan bi, ruwa ya riga ni. Na rufe ido, ga ta nan sarai, tana dariya, har tsagar ina gani. Na ɗora gawayin a kan yadi, na ɗage, na sake ɗorawa. Ban san ta inda ake farawa ba. Na ji tsoron in yi abin da Malam ya ce, in zagi mai ita, sai na bar wurin fari. Na yi kuka a tsaye a bakin hanya, ban damu da masu wucewa ba.

Yanzu makarantar ta yi kyau, ba zan ƙi faɗa ba. Rufi ba ya yoyo, bango ruwan ƙwai daga wannan kusurwa zuwa waccan. Direbobi dai har yau suna cewa wajen mai tace ruwa, baƙo ya yi ta dube-dube bai ga kowa ba.

Yadin na kai wa Baba. Na same shi a zaure bayan la'asar, na shimfiɗa masa a kan tabarma. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa yana bin layin gawayin a hankali.

Ya ce, "Hannunta ne kau. Haka take riƙe ƙyalle." Yatsansa ya tsaya a kan farin wurin. "To ina fuskar?"

Na ce, "Baba, ba a koya mana fuska ba. Shekarar da za mu kai nan Malam ya daina zuwa."

Ya gyaɗa kai. Ya naɗe yadin da kansa, ya sa a ƙarƙashin matashinsa, bai mayar mini ba.