Ranar da Baffa Gwadabe Bai Sauko Ba

A gidanmu na Fassi ba a yi wa Baffa Gwadabe doguwar gaisuwa. Kana sallama zai ce, "Fara faɗin abin da ya kawo ka, ma gaisa daga baya." Muna yara mun ɗauka faɗa ne irin na tsofaffi. Sai da na shiga sakandare mahaifina Ramalan, wanda shi ne ƙanensa, ya ba ni dalili.

Baffa ya bar noma yana saurayi, ya bi masu kafa turakun wayar tangarahu a wajen Rano. Da haƙa rami ya fara, sannan ɗaukar tsani, har aka ga ba ya jin jiri aka ba shi ɗamarar fata da filaya, ya zama mai hawa. Idan iska ta tsinke waya, shi ake turawa ya haɗa. Mutanen Fassi suka sa masa Na-Waya.

Kakarmu Dije ba ta taɓa son aikin ba. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "yaron nan". Sau ɗaya ta gan shi a saman turke ranar kasuwar Rano, ta rufe fuska da mayafi, ta koma gida ba ta sayi komai ba. Tun daga ranar ta kafa doka: wanda ke sama ba a gaya masa abin tashin hankali, kada ƙafarsa ta zame.

Da damina, gab da samun 'yancin kai, ciwo ya kwantar da ita. Wata safiya ta kira mahaifina.

"Je ka kira min yaron nan, ina son ganinsa. Amma in ka same shi a sama, kada ka ce komai sai ya taka ƙasa. Ka ji ni?"

"Na ji, Inna."

Ya ari keke ya tafi. Ya sami Baffa a bayan Rano, can ƙolin turke, yana haɗa wayar da hadari ya tsinke.

"A'a, Ramalan! Ka baro gona ciyawa na cinye ta? Lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Gama dai ka sauko."

"Ya Inna?"

"Tana gaishe ka."

Baffa ya yi dariya, ya ce ai wannan wayar gardama gare ta, a ba shi lokaci. Mahaifina ya jingine keken, ya tsaya a gindin turken yana kallon tafin ƙafar yayansa. Ya ce min sau da yawa maganar ta zo masa baki, sai ya ga yadda turken ke rawa, ya haɗiye. Baffa kuwa yana ɗaure waya yana tsokanarsa kan yarinyar da yake nema a Tarai. Rana ta take, inuwa ta juya. Sai da aka kira azahar ya sauko.

"Yaya, Inna ce. Ta ce ka zo."

"Tun yaushe kake da wannan maganar a bakinka?"

"Tun da na zo."

Baffa bai ko kwance ɗamarar ba, ya karɓi keken ya goya ƙanensa. Suna shiga Fassi suka haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta, da fartanya da magirbi a kafaɗa.

Baffa bai bar aikin ba. Bayan 'yancin kai ya koyi haɗa wayar tarho, ya zama shugaban masu hawa, ya horar da samari har Kano. Sai dai ya kafa tasa dokar: duk wanda ya ga mutum tsaye a gindin turkensa, ya sauko nan take, ko da waya na hannunsa.

Bai taɓa ɗora wa mahaifina laifi ba. Da na tambayi Baffa, ya daɗe yana murza tsohuwar ɗamarar da ke rataye a ɗakinsa.

"Ubanki maganar Inna ya bi," in ji shi. "Ni ne na tambaya daga sama. Matan gida sun ce da hantsi ta kira sunana, Gwadabe, da bakinta. Sau ɗaya ke nan a duniya, ni kuma ina can ina dariya."