Mun kulle aikin Lawal da sunan girmamawa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Lawal, Allah Ya jiƙansa. Bana ban je taron tunawa da shi a Batsari ba, kuma gara in faɗi dalili da bakina kafin a faɗa mini.

Lawal mai rubuta manhajar waya ne, irin wadda ake bari a buɗe a intanet, kowa ya gani, kowa ya kwafa, wanda ya iya ya gyara. Duk dogon hutu akwai shirin da ke haɗa ɗaliban jami'a da ƙwararru irinsa. Ɗalibi zai yi wata uku a hannun jagora, in an karɓi gyaransa a ba shi takardar shaida. Da ɗalibansa na shirin Lawal ya gina manhajar ajiye hoto da alamar kowace saniya, don in an ƙwato shanun sata mai su ya nuna nasa ba sai an yi ta rantse-rantse ba. Na taɓa ce masa ya kulle abinsa kada a sace. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wanda ya sata ya gyara ai ya rage mini aiki."

Ana gama sadakar arba'in sai ga masoya sun ɓullo, mutanen da ko gaisuwarsa ba su cika amsawa ba yana raye. Aka kafa kwamiti, aka naɗa wani Alhaji Sada shugaba, mutumin da har yau sai an buɗe masa saƙo a waya. Hukuncinsu na farko shi ne kada a sake taɓa ko harafi ɗaya a manhajar, wai amanar marigayi ce. Tun daga nan duk shekara sai rumfa da kujeru, da ƙaton hotonsa, da jawabai, a ci shinkafa a watse.

Manhaja kuwa kamar katangar ƙasa ce, in ba a yaɓe ta ba zubewa take yi. Wayoyi suka canza, ta daina buɗewa a sababbi. Bara aka ƙwato wasu shanu, wani dattijo daga Babban Duhu ya zo, hotunan shanunsa duk suna cikin manhajar, wayar ta ƙi. Yana tsaye wani ya kora su gaba.

Wata ɗaliba, Rabi daga Tsaskiya, ta shiga shirin ta zaɓi wannan aikin. Ta gano matsalar, ta gyara, jagoranta ya duba ya yaba. Saura kwamiti, masu riƙe da kalmar sirrin manhajar, su karɓi gyaran kafin wa'adi ya cika. Ta hau babur ta zo gaban kwamiti.

Alhaji Sada ya ce, "Ke yarinya, wa ya aiko ki ki gyara wa mamaci aikinsa?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, shi ya rubuta a shafin farko cewa kowa na iya gyarawa."

Ya ce, "Ai yana raye ya rubuta."

Manya masu furfura suka gyaɗa kai kamar an yi wata hikima. Wa'adi ya wuce, Rabi ta rasa shaidarta, wata uku na wahala ya tashi a banza. Daga baya ta kwafi manhajar, kamar yadda Lawal ya halatta tun farko, ta saki gyararriya, ta bar sunansa a sama. Ita ce yau a wayoyin masu shanu daga Wagini har Safana. Kwamiti na nan yana gadin wadda ba ta buɗewa, kuma bana ma na ji an ƙara kujeru.

Na raina mutanen nan, ba na ɓoyewa. Abin da ya rage na Lawal a duniya yana hannun wadda suka wulaƙanta. Amma da Lawal zai leƙo yau, ba Alhaji Sada zai tuhuma ba, don bai ma san shi ba. Ina zaune a wurin ranar da aka kori Rabi, a kujerar gaba da ake ware wa ɗan'uwan marigayi, ta juyo ta dube ni, na sunkuyar da kai. Kalmar sirrin nan a cikin littafinsa na same ta, kuma ni na miƙa musu da hannuna.