Bindigar Soso a Wangsa Maju

Teburin cin abinci guda ɗaya ne a fulat ɗin da muka kama a Wangsa Maju, kuma a watanninmu na ƙarshe a Malesiya ban ci ko loma ɗaya a kansa ba. Maigidana ya mayar da shi maƙera. Ni da 'yarmu a tabarma muke cin abinci muna kallon ƙafafunsa a ƙarƙashin tebur, shi kuwa yana can sama da sukudireba da samfefa da gwangwanin fenti, wai yana haɗa bindiga.

Malamin jami'a ne, gwamnati ta turo shi ya yi digiri na uku a injiniya. Tun ranar da jirgi ya sauke mu mutane suka fara kiransa Dokta, shi ma bai taɓa cewa a dakata sai ya gama ba. Bizata da ta 'yarmu a jikin tasa suke rataye, in tasa ta faɗi tamu ta bi ta. Kowace matar ɗalibi ta san wannan, shi ya sa muke takatsantsan ko da tsallaka titi ne. Abin da ya rage masa bai kai shekara ba, ya gama rubutu ya kare aikinsa mu koma gida da abin da muka zo nema.

Gidansu gidan maƙera ne. Kakansa da mahaifinsa bindigar toka suke ƙera wa mafarauta da 'yan bindigar bukukuwa na yankinsu. Shi kuwa tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana, daga nan jami'a, daga nan ofis, ko zuga-zugi bai taɓa ja ba. Wata rana da muka je gaisuwa, Baba, wato mahaifinsa, ya kama tafin hannunsa ya juya, ya yi dariya ya ce hannun nan ko ƙwai ba zai fasa ba. Wasa ne tsoho ya yi, kowa ya dara aka wuce. Maigidana ne kawai bai wuce ba, ya ƙulle maganar ya tsallako teku da ita.

Suna da al'ada a gidan. In an haifi namiji, ranar suna uban yaron zai harba bindigar da ya ƙera da hannunsa sama, gari ya ji cewa maƙera sun ƙaru. Haihuwarmu ta fari mace ce, don haka ba a yi maganar ba. Ranar da likita ta ɗora mini na'ura a ciki ta ce wannan karon namiji ne, ina ta hamdala, shi kuwa na ga idonsa ya tafi wani wuri. A jirgin ƙasa muna komawa gida ya ce, "Kin san sai na harba masa, ko?" Na zaci wasa yake, har na taya shi dariya.

Daga nan ya fara kallon bidiyon waɗansu Turawan Amurka masu gemu da tumbi, waɗanda ke zaune a garejinsu suna kwance bindiga suna mayarwa, suna canza wannan ƙarfe da wancan, suna shafa ta kamar jaririya. Mutumin da malaminsa ke jiran babi na biyar, sai ka same shi ya ƙura wa waya ido yana gyaɗa kai. Ya kan kira ni ina tsakiyar wanke-wanke da ciki har wuya, "Madam, zo ki ga yadda ya canza kunamar." Ni ina ruwana da kunamar wani ƙato a Amurka?

Ya dai san bindigar gaske ba ta taso ba, don a ƙasar nan harsashi guda ya isa ya kai mutum kurkuku. Sai ya je kasuwar Danau Kota ya sayo bindigar wasan yara, ta roba, shuɗiya da baki ruwan lemo, mai harba guntun soso. Da ya tsaya a nan da ban ce komai ba, yaran maƙwabta ma suna da irinta. Amma ina, jinin maƙera ya motsa. Ya kwance ta ɗaiɗai ya baje a teburina. Ya canza sifirin ɗinta mai cilla soson, ya ƙara mata tsawo da bututun ruwa. Wata safiya na nemi katakon da nake yanka albasa a kai na rasa, ashe ya sassaƙe shi ya yi mata ƙota. Tsohuwar jakata ta fata ya yanka ya yi maratayi, har da 'yan tuntaye irin na bindigogin ƙauyensu. Na ce masa tunda gyara yake so, ga fankar ɗaki nan tana kuka tun bara. Ya ce wannan aikin mai gidan haya ne.

Akwai maƙwabciyata a hawan ƙasa da namu, 'yar Zariya, muna kiranta Maman 'yan biyu. Ta fi mu daɗewa a ƙasar. Ranar da ta shigo ta ga gwangwanin baƙin fenti a kan tebur sai ta ja ni kicin. Ta ce da gangan masu yin kayan wasan suke barin launin nan mai haske, don duk wanda ya hango ya san ta yara ce, kuma dokar nan ba ta tsaya kan ta gaske ba, har abin da ya yi kama da ita hukunci ne. Da ya dawo daga makaranta na tare shi tun kafin ya cire takalmi.

"Abban yara, don girman Allah kar ka shafa fentin nan. An ce laifi ne a nan."

"Haba Madam, relax lah. Soso ne fa, soso. Wane law ne ya hana soso?"

"Na ce maka kamar ce laifin. Ka bar ta da launinta ka harba abinka."

"In tura wa Baba hotona riƙe da shuɗiyar roba? So kike ya ce me?"

"To ka kira shi ka tambaye shi yadda ake yi in mutum yana nesa."

"Surprise nake so in yi masa. Ke dai ki zuba ido."

Na zuba ido kuwa, na ga ya feshe ta baƙi ƙirin a baranda, warin ya hana ni cin abinci yini guda. Gaskiya ɗaya zan faɗa, ta yi kama. Duk iliminsa na injiniya da gwamnati ta biya ya zuba a abin nan, har ni da na san katakon albasata ne gabana sai da ya faɗi da na gan ta jingine a bayan ƙofa. Haushi ya cika ni, tsoro ya fi haushin yawa.

Allah ya sauke ni lafiya. Ranar suna fulat ya cika, mata a ɗaki da kicin, maza a falo. An yanka rago a wata gona a bayan gari an kawo naman a leda, mata sun yi shinkafa da waina, aka yi tapau ɗin shayi, wato aka sayo shi a ƙunshe, daga shagon mamak, Indiyawa masu sayar da abinci a ƙasan benenmu. Komai ya tafi daidai har bayan la'asar. Ina zaune a bakin gado da jariri sai na ji mazan sun ɗauki shewa. Na leƙo. Ga maigidana ya saka kaftani ruwan ƙasa, ya naɗa mayafina a kai a madadin rawani, ya rataya bindigarsa. Abokansa, masu digiri biyu-biyu, suna tafi suna cewa sai Dokta, sai ɗan maƙera. Ɗaya ya riƙe waya yana ɗauka.

Ya fita baranda. Benayen Wangsa Maju kuwa fuskantar juna suke, abin da kake soyawa ma na gaba da kai ya sani. Ya ɗaga bakin bindiga sama, ya fara kirarin gidansu, ya manta rabi ya cike da tari, sannan ya ja kunama. Abin ya ce fut. Tusar akuya ta fi shi ƙara. Guntun soso ya tashi ya yi lilo ya gangara wajen ajiye motoci. Mazan suka ce a sake, hoton bai fito ba. Ya sake, har da durƙusawa a gwiwa ɗaya kamar yadda ya ga Turawansa suna yi. A lokacin ne na hango wata mata a barandar benen da ke gabanmu tana shanya. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta ja yaronta ciki, ta rufe ƙofar gilashi. Na ce wa Maman 'yan biyu, shi ke nan, ta faru.

Ba a gama raba naman ba aka buga ƙofa. 'Yan sanda ne, ba ɗaya ba, ba biyu ba, da rigunan sulke da bindigogin da ba soso suke ci ba. A Malesiya ko mai kawo tukunyar gas sai ya cire takalmi a bakin ƙofa. Waɗannan da takalmansu suka tako kan tabarmata, a nan na san ba gaisuwar suna suka zo ba. Kowa a wurin da biza yake zaune, kowa ya tuna da tasa. Bayan an duba fasfunansu, masu cewa sai Dokta suka cika wandonsu da iska, wasu ko lifta ba su jira ba. Mai ɗaukar hoton ya miƙa wayarsa tun kafin a tambaye shi.

"Toy, boss, toy," in ji maigidana. "Tradition ne, our culture."

Babban cikinsu ya ɗauki bindigar ya jujjuya, ya ja kunama, soso ya faɗo a kan farantin waina. Ba wanda ya yi dariya. Ya kankare fentin da farce har shuɗin ya leƙo, ya tambaya cikin ladabi, in ta wasa ce me ya sa aka mayar da ita baƙa. Maigidana ya fara bayanin kakansa da maƙera da Turanci, kalmomin suka ƙi zuwa. Mutumin ya girgiza kai ya ce, "Tak boleh," wato ba zai yiwu ba. Suka tafi da shi da bindigarsa, mayafina yana kansa har lokacin. 'Yarmu ta maƙale a zanina tana tambayata da Turanci ko Abba ɓarawo ne. Maman 'yan biyu kaɗai ta tsaya, ita ta kwashe farantai.

Ya yi 'yan kwanaki a hannu, aka kai shi kotu, aka ci shi tara, aka sako shi. Ya dawo ya rame, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce magana ta wuce, ai ya faɗa mini ƙaramin abu ne. Ni kuwa ina jego, amma na san lokacin sabunta biza yana tafe. Da lokacin ya yi aka karɓi fasfunanmu, aka daɗe, aka dawo da su ba hatimi, aka ce mu shirya mu bar ƙasar. Malaminsa, wani dattijo mai kirki, ya yi iya ƙoƙarinsa bai ci nasara ba. Babi na biyar yana nan a kwamfuta inda ya tsaya. Aka cire 'yarmu daga makaranta ana tsakiyar zango, ta yi kukan rabuwa da ƙawayenta har muryarta ta dushe. Teburin nan sai ranar da mai saye zai zo ɗauka na gan shi fes, kuma ko a ranar da ɗigon baƙin fenti a gefensa.

A gida cewa muka yi matsalar takardu aka samu. Shi ya roƙe ni in rufa masa asiri, na rufa, don yarana sunansa suke amsawa. Bayan mun huta muka kai jariri ƙauye a gan shi. Ina zaune a ɗakin Inna, surukata, ta karɓi yaron tana yi masa wasa, tana kiransa mijinta. Maigidana ya taso daga zaure wajen Baba, ya tsaya a bakin ƙofa yana cire takalmi.

"Kai ne ka firgita mana kaji ranar sunanka," in ji Inna, tana magana da jaririn. "Tun da asuba kakanka ya ɗura albarushi ya harba maka, sai da kwanon rufi ya amsa."

Na ce, "Inna, an harba masa a nan?"

"To da fa? Duk jikan da aka haifa a nesa ai Malam ne yake harba masa, haka aka gada. Na Legas ma shi ya yi musu. Wa zai ce mutum ya nemi bindiga a garin mutane?"

Na ɗaga kai na kalli maigidana. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, ya tsaya kamar an dasa shi. Duk baƙar maganar da na tara tun daga Wangsa Maju tana bakina, amma ban ga wadda ta kai ta Inna ba, sai na haɗiye abina. Inna ta juya ta gan shi, ta washe baki.

"Dokta, shigo mana, tuwon zai huce."