Yadda Na Kai Famfamin Kawu Goronyo Na Dawo Da Shi

Rara

Ana kiran assalatu na bar Rara, tsakiyar damina, zamanin da Sarkin Musulmi ke zaune Wurno. Ba ni da kaya sai gorar ruwa da famfamin Kawu Maidamma naɗe cikin tabarma a kafaɗa. Ga wanda bai san famfami ba, abin busa ne na icce, ya fi ni tsawo ko na miƙa hannu sama. Kawu, ƙanen innata, shi ne Sarkin Busan Goronyo, duk yammacin Alhamis shi ke busa a ƙofar fada kamar yadda ubansa ya yi. Ya aiko mani da shi wai ya tsage, ya daina fitar da murya, ni da nike masassaƙi in gyara. Ɗan aiken ya ce fadawa sun gaji da jira: in Alhamis mai zuwa ba a ji busa ba, za a ba wani gida sarautar.

Na duba shi sama da ƙasa, 'yar tsaga guda na gani, ba ta kai farce ba. Na liƙe ta da ƙaro, na ɗaure da sabuwar fata. Na toshe bakin na cika shi da ruwa, ko ɗigo bai zuba ba. Iyakar gwajin da zan iya ke nan, don ba a busa famfami sai gaban sarki. Wanda duk ya ji shi a wani wuri zai ce Gobirawa sun kawo hari, gari ya watse.

Rabah da Marnona

Da hantsi na isa bakin gulbin Rabah, ya cika ya batse. Mai jirgi ya dube ni ya dubi kayana, ya ce shi mutane yake ƙetarwa ba azara ba. Sai da munka yi ta ja-in-ja kana ya yarda a shimfiɗa shi tsawon jirgin, ni kuma in tsuguna cikin ruwan da ya taru a ƙasa. Na sha fura a tsaye na wuce.

Marnona na kwana, gidan wani abokin babana. An ba ni tuwon dawa da miyar lalo, amma gajiya ta hana ni jin daɗinsa. Ɗakin ya yi ma famfami kaɗan, rabinsa na waje, ga ruwan sama. Na cire rigata na rufa mashi, ni na kwana da sauro.

Wurno

Kafin in kai ƙofar Wurno kafaɗata ta saluɓe. Masu tsaron ƙofa sunka tare ni, babbansu ya ce, "Kai, mi ag ga tabarmar nan?" Na ce famfami ne. Sun ɗauka bindiga ce, sai da na kwance komai a ƙasa. Wani mai rawar kai ya ce in busa su tabbata. Babban ya harare shi, ya tambaye shi ko so yake mata su zubar da tulunansu su yi daji. Na shiga na ziyarci hubbare, makwancin magabata, na roƙi Allah ya rufa ma Kawu asiri, na kwana a zauren wani majemi, wari bai bar ni na runtsa ba.

Goronyo

Hanyar fadama ba ta biyuwa. Laka har gwiwa, takalmina guda ya tafi ya bar ni. Na shiga Goronyo ranar Alhamis bayan azahar, ƙafafu sun kumbura.

Na tarar da Kawu gida. Ya rame, ba ya gama gaisuwa sai tari ya tsayar da shi. Ya shafa ɗaurin fatar, ya ce aiki ya yi kyau, amma bai dube ni ba.

Bayan la'asar anka taru ƙofar fada. Kawu ya ɗaga famfami, ya kumbura kumatu. Iska kawai ta fito. Ya sake, haka. Nan na gane famfami lafiyarsa lau tun farko, ƙirjin Kawu ne ya ƙare, kuma ya sani. Mutumin da ke neman sarautar ya fara gyara zama.

Ban san sa'ad da na durƙusa ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, laihina na. Ɗaurin bai kama ba, iska na hita ta gehe. A ba ni shi in koma in sake."

Fadawa sunka yi mani dariya, wani ya ce masassaƙan Rara sai muciya. Wallahi na ji zafin maganar har raina. Sarki ya ce Maidamma shi riƙe sarautarsa har a gama gyara.

Da safe Kawu ya raka ni bakin zaure, ya ce, "Yaushe za ka gama?"

Na ce, "Icce na, Kawu. Ba ya son gaggawa."

Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Komawa gida

Na biyo laka guda, ƙofa guda, mai jirgi guda, kowa na tambayar mi ya sa na dawo da shi. Na iso Rara da ƙyar, na gode Allah da ya kai ni ya maido ni, na gode ma duk wanda ya ba ni masauki. Labari ya riga ni zuwa, shekarar nan ko turmi ba a kawo mani sassaƙa ba. Sau biyu fada na aiko tambaya, ina cewa da saura. Kawu ya rasu da kaka, anka yi mashi salla yana Sarkin Busa. Washegari na aika masu da famfaminsu.