Kwaɗo Uku da Kejin Ƙarfe

Ranar da abin ya faru, yayyafi ake yi tun safe, irin mai nacin nan da ba ya barin mutum ya leƙa waje. Shi ya sa Baba Mai Makulli ya wuni a ɗaki, gaban kwamfutarsa.

Shekara arba'in ya yi yana yanka makulli da gyaran kwaɗo a bakin kasuwa, kuma tinƙahonsa ɗaya ne: ba a taɓa yi masa sata ba. Da matarsa ta rasu, autarsa ta tattara hotunanta da saƙonnin muryarta ta zuba masa a wata tsohuwar kwamfuta. Washegari ya sa aka ƙera wa kwamfutar kejin ƙarfe, ya maƙala kwaɗo uku a ƙofar ɗakin.

"Baba, bari in kwafe su a wani wurin, ko da wani abu zai faru," in ji Auta.

"Ke Auta, duk gidan da na ga an shiga, wani ne ya yanka makulli na biyu. Ba na ajiye abu kashi biyu."

"To ai wannan ba ƙofa ba ce."

"Tun ba a haife ki ba nake wannan sana'a."

Sai ta ƙyale shi.

A ranar yayyafin nan, wani saƙo ya faɗo masa. Wai kwamfutarsa a buɗe take, ya danna nan a kulle masa ita. Har da hoton kwaɗo a jiki. Baba ya gyara tabarau ya ƙare masa kallo: ƙarfe mai kauri, ba irin na gwangwanin nan ba. Ya ce a ransa, waɗannan sun san aiki. Ya danna.

Sun kuwa cika alkawari. Suka kulle komai tsaf, hotuna da muryoyi, suka bar saƙo cewa sai ya biya su za su buɗe. Ya tashi ya duba kwaɗunansa uku, kowanne lafiya lau.

Mai gyaran kwamfuta ya yi kwana biyu a kai, ya ce ba dama. Baba kuma ya ce bai taɓa sayen makulli a hannun ɓarawo ba, ba zai fara da furfura ba.

Da yamma Auta ta durƙusa gefensa.

"Baba, na yi maka laifi. Akwai guda ɗaya da na kwafa a wayata ba ka sani ba, don yana ba ni dariya."

"Kunna mu ji."

Muryar marigayiya ta cika ɗakin: "Malam, wallahi taurin kanka ya ishe ni. Ka sake kulle ni a waje, ga cefane a hannuna."

Baba ya share ido da bakin hannun riga, ya ce, "Kwafa mini. Sau biyu."

Yanzu yana gidan Auta da zama. Kullum bayan karin kumallo sai ya saurari faɗan nan sau ɗaya. Kejin yana tsakar gida, kaji ke kwana a ciki.