Inna Mai Guga Ta Ce Ta Gani

Kafin a kunna kekuna a kamfanin ɗinki, Inna mai guga ta riga ta iso. Takan gyara ɗaurin ɗankwali, ta duba bututun tururi, sannan ta tsokani masu yanka: "Yau ma hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo? Ko a karkace aka haifi mai rigar?"

Makon jiya manaja ya shirya mata bikin ritaya, har da jawabi. Ni dai wannan biki bai kwanta mini ba.

Ku tuna bara. Bututun da Inna ta daɗe tana ƙorafi a kansa ya fashe, ya ƙone hannun wata mai jego da ba ta jima da dawowa aiki ba. Jami'in ƙwadago ya zo bincike, manaja na tsaye a bayansa yana murmushi. Duk wanda aka tambaya sai ya ce yana banɗaki lokacin. Ashe banɗakin nan na ɗaukar ma'aikata kaf!

Inna ce kaɗai ta ajiye dutsen guga ta ce, "Ɗana, ni na gani. Kuma na sha faɗa musu."

Ba su kore ta ba, sun san doka ta hana ramuwa a kan mai ba da shaida. Sai aka mayar da teburinta jikin tukunyar tururi, wai don ƙwarewarta. Aka sauya mata ranar hutu, wai kuskure ne. Yanzu kuma, shari'ar mai jego na gab da zuwa kotu, kwatsam suka tuna Inna ta tsufa. Wa ake yi wa wayo?

Da wata ta raɗa mata, "Inna, ki ci bikinki ki yi shiru," sai ta yi dariya: "'Yar nan, hannuna suka sallama, ba idona ba."

Inna, ke ce kika tsaya ranar da majiya ƙarfi suka sunkuyar da kai. Mun gode, Allah Ya saka miki.

Amma ku da kuka yi tafi a bikin, tafi ba shaida ba ne. Lauyan kamfani zai ce Inna tsohuwa ce mai jin haushin ritaya, kuma idan ita kaɗai ce, mai jego ta tashi a tutar babu. Dokar da ta kare bakin Inna ta kare naku. Kun gani. Ku je kotu ku faɗa.