Malama Lea da Taron da Ba Shi da Babban Tebur

Da safiyar Laraba, 13 ga Agusta, 2025, Allah ya yi wa Malama Lea Ezra rasuwa a gidanta da ke Jigwada, bayan gajeriyar jinya. Tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, wadda da yawa daga cikin manyan Keffi suka koyi riƙe fensir a gabanta. Na so in rubuta miki ta'aziyya mai sanyi, Malama, irin wadda ake karantawa ana gyaɗa kai. Abin da na gani a zaman makokinki ya hana ni.

Bara, da Kotun Ƙoli ta ce kason ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa musu kai tsaye, mu masu karatun jarida muka baje a teburin mai shayi muna fashin baƙi. Ke kuwa lema kika ɗauka kika shiga unguwanni. Kika ce idan mulki ya sauko bai tarar da kowa a tsaye ba, komawa zai yi inda ya fito. Kika haɗa ƙungiyar makanikai ta Rasaki da matan kasuwa, da zumuntar matan coci, da 'yan agajin masallaci, har da manoman hanyar Garaku, aka kafa Gamayyar Unguwanni. Mutanen da ko gaisuwa ba ta cika haɗa su ba, sai ga su a benci ɗaya suna musu kan kwalbati.

Dokarki ba ta da tsawo: ba shugaba, ba ofis, ba babban tebur. Taro zagayawa yake yi, kowane wata da unguwarsa. Unguwar da ta karɓi baƙi ita ke riƙe tsohuwar lasifikar hannunki, ta faɗi abin da ke damunta, sauran ƙungiyoyi su raka ta gaban kansila. Da haka aka ta da famfon da ya daɗe a mace, aka rufe ɗakin shan magani da ke yoyo.

Ba na manta ranar da Honorabul Nelson, tsohon kansila, ya zo taro da kujerarsa mai hannu a bayan mota. Kika tare shi da fara'a.

"Nelson ɗana, ka kyauta. Mama Olabisi na fama da ciwon baya. Ajiye mata a inuwa."

Sannan kika matsa masa a benci. Ya zauna yana murmushi, amma bai yafe ba.

To, Malama, ko furannin kabarinki ba su bushe ba muka tarar da babban tebur a ƙofar gidanki, da farin ƙyalle da ruwan gora. Nelson na tsakiya, gefensa wani ƙwararre mai suna Segun da ya ɗauko daga Abuja. Wai domin a karrama ki, Gamayya za ta yi shugaba guda, da kwamitin amintattu, da hedkwata a Abuja kusa da masu ba da tallafi. Wato ƙungiyar da aka kafa don mulki ya sauko Jigwada ita ce za ta hau mota ta bi shi Abuja! Na karanta tarihin juyin mulki iri-iri, ban taɓa cin karo da wanda aka yi a gidan makoki ana rabon shinkafa ba. Abin takaicin, an tafa. Waɗanda kika koya wa magana a gaban hukuma su suka fi kowa tafi, don an yi musu alƙawarin muƙami.

Rasaki ne ya miƙe. "Oga, ka yi haƙuri o. In ruwa ya shiga ɗakin Mama Olabisi, hedkwatar ce za ta zo da bokiti?"

Ba wasa yake yi ba. Kwalbatin Jigwada ya toshe, damina ta yi ƙarfi, ruwa na kwana a ɗakunan mutane, kuma wannan watan zagayen ya faɗo kansu. Idan Gamayya ta koma Abuja, ba mai raka su gaban kowa.

Nelson ya juya wurin 'yarki Vera, ya ce ta kawo lasifikar a saka ta cikin gilashi a sabon ofis, don tunawa da ke.

"Honorabul, ba tawa ba ce balle in bayar," in ji Vera. "Wannan watan ta Jigwada ce."

Ta wuce ta gaban teburin ta miƙa wa Mama Olabisi, 'yar Jigwada.

Saboda haka taro na nan ranar Asabar a Jigwada, a gindin mangwaro, a kan benci. Ana gayyatar Honorabul. Ya taho da kujerar, don bayan Mama Olabisi bai warke ba.

Allah ya ji ƙanki, Malama, ya ba ki hutun da ba ki taɓa ba kanki ba. Allah ya ba mijinki Baba Ezra da Vera da sauran dangi haƙurin wannan rashi. Mu kuma da kika bari, Allah ya ba mu kunya.